Akwatin Katunan Kaka

Abin da na fara gani da muka shiga gidan Baffa a unguwar Selly Oak ta Birmingham shi ne keken cefanen Kaka. An jingine shi a bayan ƙofa, masu zuwa gaisuwa sun jibga masa rigunan sanyi har ya karkace. Ƙafarsa ta hagu tana nan ɗaure da wayar da Yayana ya ɗaura mata bara. Ba wanda ya kula da shi. Ni dai na cire rigata na riƙe a hannu.

Kaka ƙanwar mahaifiyar Babana ce. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi a wani asibiti a Birmingham. Baffa ne ɗanta tilo, aikin akanta yake yi, kuma shi ya ɗauko ta daga flat ɗinta na unguwar Longsight a Manchester wata huɗu da suka wuce, da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Baba ya riga mu zuwa saboda jana'iza. Ni da Umma muka biyo coach, doguwar bas, daga Manchester ranar Asabar, don addu'ar uku da za a yi ranar Lahadi. Allah ya yafe mata, ya yalwata mata makwanci, ya sa ta iske abin da ta aika gaba.

A ɗakin baya mata sun rabu biyu ba tare da kowa ya raba su ba. Matanmu na Manchester, 'yan Zangon Kumasi da Accra, suna zaune a ƙasa a kan darduma. Ƙawayen Anti, matar Baffa, suna kan kujeru, jakunkuna a cinya. Kowa ya shigo sai a ce, "Ya haƙuri?" a amsa, "Da godiya," sai kuma shiru.

Wata maƙwabciyarmu ce ta fasa shirun. Ta ce, "Ni yanzu wa zai raka ni parents' evening a makarantar yara?" Sai ta fashe da kuka. Aka yi ta ce mata ta yi salati, kuka ba shi da amfani ga mamaci.

Ɗaya daga cikin matan kan kujera ta ce, "Allah sarki, tsohuwa mai tambaya. Ranar sunan ɗana ta tsare maigidana a kicin, wai sai ya gaya mata yadda ake zama injiniya. Baƙi na jira, naman rago na hucewa, ita ko a jikinta."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a gidan makoki a haɗiye da sauri. Wata tsohuwa da ke jan carbi ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Tana da taurin kai, amma ba ta da ha'inci."

Umma ta aike ni kicin in ɗauko ruwa. A hanya na iske Baffa da Anti da limamin unguwarsu a gindin matakala. A gabansu akwai akwatin roba shuɗi, an naɗe murfinsa da salatif.

Baffa yana cewa, "Council, masu gidan, na son makullin flat ɗin, don haka mun kwashe komai. Tufafin an raba sadaka. Wannan ne ya rage. Takardu ne da rubutun Larabci, kowacce da bisimilla a sama. Ba a zuba su a kwandon recycling."

Anti ta ce, "Ni dai, Malam, ba na so su daɗe a gidan nan. Ban san ko layu ne ko mene ne ba. Tsofaffi da kayansu."

Malam ya ce babu damuwa. A masallaci suna tara tsofaffin takardu masu sunan Allah, su ƙona a wuri mai tsarki, su binne tokar. Gobe bayan addu'a zai tafi da shi.

Na san akwatin nan. Duk yaron da ya sauka a Longsight daga gida cikin shekarun nan ya san shi. Na koma na raɗa wa Umma a kunne. Ta matse mini hannu ta ce, "Rufe bakinki. Kayan uwarsa ne. Yarinya ba ta sa baki a maganar gado."

Shi ya sa nake so in rubuta abin da ke ciki, da wadda ta cika shi.

Shekarata goma sha ɗaya lokacin da muka zo daga Kumasi. A makon farko Baba ya kai ni wajen Kaka in gaishe ta. Na durƙusa na gaishe ta a hankali, ta ce ba ta ji ba. Na sake, ta ce har yanzu ba ta ji ba. Daga ranar ta sa mini suna Bebiya. Ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ta zaro kati ɗaya. Da kwalin cornflakes ta yanka shi, don ta baya ana ganin rabin hoton zakara. A gaba kuwa rubutun ajami ne da baƙin biro. Ta ce in karanta. A makarantar allo na koyi baƙaƙen, don haka na karanta ina tuntuɓe: a nan idan malami yana yi miki magana ki dubi idonsa, sunkuyar da kai ba ladabi ba ne a wurinsu, sai su ɗauka ba ki gane ba ko kina ɓoye wani abu.

Ta ce, "A gida ki sunkuyar. A makaranta ki ɗago. Wuyanki ɗaya ne, amma zai iya."

Kaka ba ta taɓa zama a benci na boko ba. Shara da goge-goge ta yi a wata makarantar sakandare, shekara da shekaru, tun kafin a haife ni. Ta ce daga kwandon shara ta yi karatunta. Duk takardar da aka ba yara su kai wa iyayensu, ta zaɓen darussa, ta college, ta koyon sana'a, a kwando take ƙarewa, musamman ta yaranmu. Sai ta kwashe, ta goge musu miya da cingam, ta kai gida Baffa ya karanta mata yana ƙunƙuni. A nan ta gane cewa iyayenmu da yawa ba sa karanta boko sosai, amma kusan kowa ya yi allo. Idan takarda ta zo da Turanci sai a sa ta a ƙarƙashin tukunya. Idan ta zo da ajami da bisimilla a sama, sai a goge hannu kafin a karɓa, a karanta har ƙarshe.

Kowane katin sana'a yana da zane a ƙasa, ɗige-ɗige da layuka. Ta ce wata yarinya ce ta koya mata. Yarinyar ta zo daga wasu tsibirai da ake kira Marshall, can tsakiyar teku, babanta ma'aikacin jirgin ruwa ne. Ba mai jin yarenta a duk makarantar, sai ta riƙa cin abincinta a bayan ƙofar ɗakin tsintsiya. Kaka ta bar ta. Wata rana yarinyar ta jera tsinken alawa da maɓallai a ƙasa, ta nuna cewa haka kakanninta suke yin taswira: maɓalli tsibiri ne, tsinke hanyar ruwa. Kaka ta ɗauki maɓallan ta ce wannan Year 9, wato aji uku na sakandare, wannan jarrabawa, wannan college, ta nuna mata tsinken da zai kai ta wajen aikin jinya. Bayan shekara ɗaya iyayen yarinyar suka tashi, ba a sake jin labarinta ba. Kaka takan ce, "Ko ta isa, ko ruwa ya ci, Allah kaɗai ya sani." Amma daga nan ba ta sake yin kati ba tare da taswira ba.

Ranar Asabar takan sa akwatin a keken cefane, ta hau bas a Stockport Road, ta bi gidajen sababbin zuwa. Idan an yi suna ko aure a Birmingham, ita ce ta farko a coach. Ba shinkafa ke kai ta ba. Likitoci da injiniyoyi take farauta. Tambayarta ɗaya ce: "Ta ina ka bi?" Idan mutum ya ce, "Ai Hajiya, ƙoƙari ne da addu'a," sai ta ce, "Addu'a na iya, ba ita na tambaye ka ba. Wane darasi ka ɗauka kana shekara sha huɗu?" Wasu suna yi wa Hausarta ta Zango dariya, ta bar su su gama, ta sake tambaya. Baffa yakan koma mota ya zauna har a tashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne layin ƙarshe na kowane kati. Bayan ta rubuta hanya da daɗin aikin, sai ta rubuta ɗacinsa. A katin likita ta sa: 'ya'yanka za su girma kana asibiti. A na direban jirgin ƙasa: kaɗaici, kuma Juma'a takan wuce ka. A na masu shara, wanda ta yi da kanta ba ta tambayi kowa ba, ta sa: gwiwa da ƙirji, kuma ba mai gaishe ka. Ta ce duk wanda ya gaya wa yaro daɗi kawai ya cuce shi.

Ba zan ce ba ta taɓa kuskure ba, don ita ma ba za ta yarda in ce haka ba. Akwai 'yar wani mai tasi a layinmu, mai ƙoƙari ƙwarai, tana son likitanci. Katin Kaka ya faɗi lokacin da ake rufe neman uni, wato jami'a. Abin da bai faɗa ba shi ne na likitanci ana rufe shi watanni kafin na sauran. Yarinyar ta makara. Ta yi shekara guda a gida, daga baya ta shiga wani fanni, har yau ba ta zama likita ba. Ubanta ya zo ƙofar Kaka ya yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya kuma kira Baffa a waya ya gaya masa maganganu. Kaka ba ta kare kanta ba. Ta yi sati biyu ba ta fita ba. Da na je na iske ta zazzage katunan duka a kan gado, tana bi ɗaya bayan ɗaya tana ƙara layi da jan biro: a sake tambaya a makaranta, tsohuwa takan yi kuskure. Yatsunta sun kumbura, biron yana zamewa. Na ce in taya ta. Ta ce, "Hannun da ya ɓata shi zai gyara. Ke ki dafa mana koko."

Duk shekara kuma, idan an koma makaranta, takan yaga waɗanda suka tsufa ta ƙona su a tsohuwar tukunya a bayan gida, ta yi sababbi. Bara ce kawai ba ta iya ba.

Faɗanta da Baba a kan Yayana ne. Baba yana gadi a wani kanti a Rusholme, kuma tun muna Kumasi yake cewa ɗansa zai shiga uni. Yaya ba ya son zaman aji. Hannunsa ne ke da kai. Kaka ta ba shi katin masu gyaran famfo da boiler, injin ɗumama gida, ta haɗa shi da wani da ke aikin, Yaya ya nemi apprenticeship, wato koyon sana'a a bakin aiki, a ɓoye ya samu. Ranar da Baba ya ji, ya ja mu duka zuwa flat ɗinta. Bai zauna ba.

Ya ce, "Inna, ban tsallako teku don ɗana ya riƙa cusa hannu a masan mutane ba."

Ta ce, "To zauna mana, kana tsaye kamar mai karɓar haya."

"Ba zama na zo yi ba. Kin shiga tsakanina da ɗana."

"Ni ban shiga ba. Ƙofa na nuna masa, shi ya ga ta yi masa daidai. Kai wace ka nuna masa? Uni, uni, kamar sunan gari. Ya karanta me? Ka tambaye shi?"

"Ko me ya karanta ya fi masai."

Kaka ta dubi hannuwanta. Ta ce, "Masai nawa na wanke a garin nan kafin ka zo ka sami wurin sauka? Da ka zo da jaka ɗaya, ba ka ce shinkafata tana wari ba."

Baba ya juya ya fita. Shekara biyu ke nan bai taka flat ɗin ba. Ranar sallah yakan aike mu da abinci, ita kuma ta dawo da kwanon da ƙosai. Haka suka riƙa gaisawa. Yaya yanzu yana da motar aiki, shi ya gyara boiler ɗinmu cikin sanyin bana, Baba yana falo ya ƙara muryar talabijin. Baba yana ta cewa zai je Birmingham ya duba ta idan ya sami hutu. Hutun da ya samu na jana'iza ne.

Ganina da ita na ƙarshe a asibiti ne. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ta tambaye ni an ce wasu sababbi sun sauka a layinmu, yara uku, gaskiya ne? Na ce gaskiya ne, babbar tana Year 9. Ta rufe ido ta ce, "Lokacin zaɓen darasi ne. Kada su bari a zaɓa mata." Ta tambayi inda akwatin yake. Na ce yana flat. Ta ce to. Ba ta ce ta bar mini shi ba, kuma ba zan ƙara mata maganar da ba ta yi ba.

Ranar Lahadi aka yi addu'a bayan azahar. Maza a falo, mu a baya muna amsa amin ta cikin bango. Aka raba waina da dabino. Mutanen Manchester suka fara neman rigunansu saboda coach ɗin ƙarfe biyar. Ta taga na ga Baffa da wani sun ɗauko akwatin sun nufi motar Malam. Ana yayyafi.

Ban san lokacin da na fita ba. Sai da sanyi ya ratsa ni na ga safa kawai ce a ƙafata. Maza suna tsaye a bakin ƙofa suna sallama, Baba a cikinsu. Ban taɓa yin magana a gaban taron maza ba. Na durƙusa kusa da Malam na ce ya buɗe ya karanta ko guda ɗaya.

Ya sunkuyo ya ce, "Na'am, 'yata?"

Na sake faɗa. Wannan karon ya ji, kowa ma ya ji.

Ya dubi Baffa, Baffa ya dubi titi. Malam ya yanka salatif ɗin da makullin mota, ya zaro kati, ya nesanta shi da idonsa. Ya karanta a ransa, ya zaro wani, ya sake zaro wani. Can ya tsaya.

Ya ce, "Ikon Allah. Har da ni." Sai ya karanta da ƙarfi: "Limami. Haddar gida ba ta isa a nan ba, sai da Turancin da yara za su ji. Ɗacinsa: kowa yana ganin ya fi ka sanin aikinka." Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Ta taɓa tsare ni a wajen wani ɗaurin aure. Ban san rubutawa take yi ba." Ya juya wajen Anti da ke bakin ƙofa. "Hajiya, wannan ba laya ba ce. Jagorar makaranta ce ta yara. Ni ba zan sa mata wuta ba."

Anti ta rufe baki da mayafi. Ta ce wallahi ba ta sani ba.

Baffa ya ce, "Ni na sani."

Idanunsa sun yi ja, ya kwana uku bai yi barcin kirki ba.

Ya ce, "Ni na karanta mata takardun farko. Na san ko mene ne. Malam, they're out of date. Kusan shekara biyu ba a taɓa su ba, kuma tsarin yana canzawa kullum. An taɓa zagin mahaifiyata a ƙofar gidanta saboda kati ɗaya. Tana raye ta iya tsayawa ta amsa. Yanzu wa zai amsa? Ba na so a bi ta da zagi har kabari."

Ba wanda ya ce masa ƙarya yake yi, don ba ƙarya ba ce.

Malam ya ce, "Kai ne magaji. Abin da ka ce shi za a yi."

Baffa ya goge fuskarsa da tafin hannu. Ya ce, "A gidana ba za su zauna ba. Kuma ba zan ba yarinya ba, ba ta isa ɗaukar wannan ba. In akwai babban da zai ɗauka, ya tsaya a kan gyaransu, ya amsa in sun ɓatar da ɗan wani, to ga su nan. In babu, ni zan ƙona da hannuna."

Malam ya mayar da murfin ya ajiye akwatin a kan katanga. Maza suka fara duba agogo. Ɗaya ya ce aiki ya yi masa yawa, wani ya ce ajaminsa ya yi tsatsa. Wani ya ce Allah ya ba da lada, ya kama hanyar tashar bas. Ruwa yana taruwa a kan murfin, yana gangarawa ta inda salatif ya yage. Na ga ya fara jiƙa katin da ke gefe.

Baba yana tsaye a ƙarshen layi, hannuwansa cikin aljihu, yana kallon akwatin kamar yadda na ga yana kallon motar Yaya idan yana zaton ba mai ganinsa. Umma tana kirana daga ƙofa, a hankali, da muryar da na san ma'anarta.

Na je na tsaya a gabansa. Na ɗago kai na dube shi.

Na ce, "Baba, ni zan karanta, ni zan je makaranta in tambaya, ni zan sake rubutawa. Kai dai ka ce kai ka ɗauka. Don Allah ka ɗaukar mini shi zuwa coach. Ya fi ƙarfina."